Sallau Na-Iya da Karatun Yatsa

Wani mutum ne muke da shi a Funtuwa, sunansa Sallau. Amma in ka shiga unguwa kana neman Sallau kawai, za ka sha yawo. Ce Sallau Na-Iya, nan take za a nuna maka bencin da ke ƙofar shagon Ɗantani tela, inda yake yini yana sayar da katin waya. Sunan nan ba gadonsa ya yi ba, bakinsa ne ya saya masa. Ba a taɓa ambaton wani abu a duniyar nan ya ce bai iya ba. Gyaran janareta, ya iya. Ɗorin karaya, ya iya. Ranar da aka yi hirar jirgin sama a majalisa, cewa ya yi shi hawan jirgi har ya gundure shi, akwai ma lokacin da barci ya kama matuƙi ya roƙe shi ya ɗan riƙe masa sitiyari daga Jidda zuwa Kano. Alhali kowa ya san iyakar tafiyar Sallau Zariya ce, ita ma a bayan motar tumatir.

To, wata safiya aka sayo wa majalisa ƙosai. Aka kawo shi ƙunshe cikin wata farar takarda mai kauri, babu tawada ko ɗigo a jikinta, sai wasu ƙananan ƙuraje a jere reras, layi bayan layi. Da ƙosai ya ƙare, sai aka koma kan takarda. Wani ya ce gara ce ta fara ci. Wani ya ce ai injin kamfani ne ya yi tuntuɓe.

Ɗantani ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce, "Ku dai ba ku san komai ba. Rubutun makafi ne. Da yatsa suke karanta shi." Sai ya saci kallon Sallau, ya ƙara da cewa, "Wannan kam, Na-Iya, ba ka iya ba."

Sallau yana tauna lomar ƙarshe. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Wa? Ni?"

"Kai fa."

"Ɗantani, ka raina ni. Miƙo nan. Amma bari in wanke hannu tukuna, karatun nan ba ya shiri da maiƙo."

Ya ɗauki buta, ya ɗauki takarda, ya zaga bayan shago. Yana ɓacewa ya ajiye buta, ya zaro waya. Gaskiya ɗaya game da Sallau, kuma ba zan hana shi ita ba, ya san lungunan waya. Ya shiga intanet ya yi ta laluben mafita, sai ga wani shafi: ka ɗauki hoton rubutun makafi, ka tura, shi kuma ya mayar maka da shi rubutun boko. Sallau ya ce, "Allah mai iko!" Ya ɗauka, ƙyas! Abin da ya fito shirme ne zalla. Shafin ya ce a juya takarda yadda haske zai buge ta ta gefe, don ƙurajen su yi inuwa. Ya juya ta wajen rana, ya sake, ƙyas! Sai ga Hausa tiryan-tiryan.

Ya haddace. Ya dawo yana yarfe hannu. Ya zauna, ya gyara hula, ya shimfiɗa takarda a cinya, ya lumshe ido, ya fara jan yatsa a hankali.

"Darasi na huɗu. Ana shuka gyaɗa da zarar ruwa ya zauna. Gyaɗa tana son ƙasa mai yashi-yashi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Ɗantani har da riƙe ciki.

"Ƙirƙira! Wallahi ƙirƙira ce! Wa zai ƙaryata ka?"

Kamar an aiko shi, sai ga Malam Ɗayyabu ya biyo ta gefen titi da farar sandarsa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Shi ne shugaban ƙungiyar makafi ta yankinmu, tsohon malamin makaranta, dattijon da ko ɗan tasha ya ji sandarsa sai ya rage murya. Ɗantani ya ruga ya gaishe shi, ya kawo shi benci, ya sa masa takarda a hannu. Malam ya ɗora yatsu, suka zarce sumul.

"Wannan ai daga tsohon littafin noma ne. Darasi na huɗu. Ana shuka gyaɗa da zarar ruwa ya zauna..."

Dariya ta ɗauke ɗif. Aka bar baki buɗe ana kallon Sallau. Shi kuwa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana sakace.

Da aka gaya wa Malam abin da ya faru, sai ya ce a ba shi hannun wanda ya karanta. Ya riƙe hannun Sallau da hannuwansa biyu, ya daɗe bai saki ba.

"Malam Sallau, ka faranta mini rai. Shekara da shekaru ina roƙon masu ido su koyi rubutun nan, har 'ya'yan cikina, ba wanda ya tsaya. Ashe akwai irinku a kusa ban sani ba. Allah ya yi maka albarka."

Ni a ganina, nan ne inda mai kunya zai sunkuyar da kai ya ce, Malam, yi haƙuri, waya ce. Abin ya taɓa zuciyar kowa a wurin. Amma Sallau da kunya ko a hanya ba sa gaisawa.

"Ai ba komai, Malam," in ji shi. "A Sudan na koya. Wajen wani shehi makaho. A cikin rijiya yake koyarwa, don kada haske ya lalata mana yatsu."

Daga ranar kan Sallau ya kumbura. Ya sayo safar hannu baƙa, irin ta 'yan acaɓa, ya ce likita ya hana yatsunsa shan iska. In ka miƙa masa hannu, gwiwar hannu zai ba ka. Tuwo ma da cokali ya koma ci. Mai shayi ya miƙo masa kofi da zafi, ya daka masa tsawa, "Kai! Ka san abin da kake shirin ƙonawa?"

Ya kuma zama ɗan gida a ofishin ƙungiya. Can ne ya fi sakewa, don a lissafinsa ya faɗo gari mai daɗi: mutum goma a ɗaki, ba mai ganinsa. Sai a miƙa masa takarda, ya zaro waya a gabansu gaba gaɗi, ya ɗauki hoto, ya karanto daga fuskar waya yana goga yatsa a takarda don a ji ƙara. Matsalarsa biyu ce kawai. Hoton ba ya fita sai da haske, kuma wayar tasa irin mai taurin kai ce, ba ta ɗaukar hoto shiru. Saboda haka duk lokacin da aka ba shi takarda sai ya matsa bakin taga, ya yi wani tari mai ƙarfi, ehem-ƙyas-ehem!

Mutum ɗaya ce abin bai kwanta mata ba. Malama Hansai, matar Malam Ɗayyabu, ita ma makauniya, ita ce sakatariyar ƙungiya. Mace ce mai fara'a da sanyin murya, amma kunnenta ko allura ta faɗi a kasuwa sai ta gaya maka ta wane tela ce.

Rannan ta ce, "Malam Sallau, sannu da tari."

"Yauwa, Malama. Sanyi ne."

"Allah ya sawwaƙe. Wani irin sanyi ne mai ladabi, ba ya tashi sai an miƙa maka takarda."

"Ƙurar takardar ce."

"Haka ne. To ita kuma tagar fa? Mu dai tun da muke, ba mu taɓa jin mai karatun yatsa yana neman haske ba."

Sallau ya yi 'yar dariyar manya. "Ai salon Sudan daban ne, Malama. Can yatsa sai ya sha ɗumi."

"Au, ba a rijiya kuka yi ba?"

"Rijiyar... ai tana da taga."

Malam Ɗayyabu ya ce, "Hansai, ki bar bawan Allah ya yi aikinsa." Ta ce to. Amma murmushin da ke fuskarta bai tafi ba.

Ana nan sai ga babban labari. An gayyaci Malam Ɗayyabu taron makafi na ƙasashen Afirka a birnin Alƙahira, can Masar, zai gabatar da jawabi. Alhaji Maiwada, babban dillalin hatsi, ya ɗauki nauyin tafiyar, kujera biyu a jirgi: ta Malam da ta ɗan rakiya. Sharaɗinsa ɗaya, ɗan rakiyar ya zama mai ido wanda ya iya rubutun makafi, don ya taimaka wa Malam da takardu. Malama Hansai ta so ƙwarai a ce ita ce, don tun tana yarinya take jin labarin Masar. Amma sharaɗi sharaɗi ne. Malam ya ce ai magana ta ƙare, ga Malam Sallau.

Wayyo, ranar unguwa ba ta huta ba! Kafin la'asar har kajin gidan maƙwabta sun san Sallau zai tafi Masar. Ya sa Ɗantani ya ɗinka masa babbar riga ta shadda ruwan ƙwai mai faɗin tabarma. Ya bi gida-gida yana tambayar tsarabar da ake so. Wannan turare, wancan jallabiya, mai shayi ya ce butar shayi, ya ce an gama. Ya fara amsa sallama da wani Larabci da ko Balarabe ya ji sai ya nemi tafinta. In ya kwanta, kujerar jirgi yake gani, kusa da taga, ana miƙo masa abinci a tire. Duk ƙaryar hawan jirgin da ya yi shekaru yana zubawa, ga shi za ta zama gaskiya a ɓagas.

Sai dai Alhaji Maiwada ɗan kasuwa ne, ba ya sayen buhu sai ya zura hannu. Ya ce kafin a miƙa suna, a shirya ɗan taro a harabar ƙungiya, ya ga ɗan rakiyar nan yana karatu da idonsa.

Da farko Sallau ya ga akwai matsala, don taron masu ido ba irin na ofis ba ne. Amma nan da nan ya samo dabara. Ya je wajen Malam ya ce a ba shi takardar jawabin ya kwana da ita, yatsunsa su saba da ita. Ya kai gida, ya ɗauke ta hoto shafi-shafi, ya haddace har da inda ake numfashi. Da ya ga ya zauna daram, sai ya gayyaci majalisa kaf, da surukansa, da duk wanda ya taɓa yi masa dariya.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika biyu a kan katanga suna kallon titi. 'Yan ƙungiya suka cika gaba, 'yan unguwa suka cika baya. Sallau ya iso cikin babbar riga yana ɗaukar iska, safar hannu na ƙyalli, yana raba gaisuwa da gwiwar hannu.

Yana tsakiyar haka Malama Hansai ta matso.

"Malam Sallau, ara mini wayarka in kira mai dafa shinkafa. Katina ya ƙare."

"Haba Malama, har sai kin roƙa? Ki kira har Masar in kina so."

Ya buɗe ya miƙa mata, ya juya ya ci gaba da karɓar barka.

To, ga abin da Sallau bai taɓa kula da shi ba duk zamansa da mutanen nan, don shi kansa kawai yake saurare. Makaho ba ya amfani da waya shiru. Akwai wata murya a cikin wayoyin nan da ake kunnawa, duk inda yatsanka ya taɓa sai ta faɗa maka abin da ke wurin. Kuma in tana kunne, taɓawa ɗaya ba ta buɗe komai, faɗa kawai take yi, sai ka taɓa sau biyu. Malama Hansai ta danne maɓallan gefe, murya ta tashi. Ta ƙure sautinta saboda hayaniya, ta yi kiranta, ta rufe waya ta mayar masa. Ya jefa a aljihu ko dubawa bai yi ba. Ko mantawa ta yi ba ta kashe muryar ba, ko da gangan ne, ni dai ban sani ba. Abin da na sani, Malama Hansai ba ta cika mantuwa ba.

Aka buɗe taro da addu'a. Aka kira Sallau. Ya zauna a teburi, ga makirfo a gabansa kan ɗan gajeren ƙarfe. Ya cire safar hannu yatsa-yatsa, ya hura musu iska, ya lumshe ido, ya fara. Kai, ya zuba karatu! Ba gargada, ba tuntuɓe. Malam Ɗayyabu yana gyaɗa kai yana murmushi. Aka yi tafi raf-raf-raf. Surukinsa ya miƙe yana cewa, "Namu ne! Namu ne!"

Alhaji Maiwada ya karɓi magana. "Masha Allah, Malam Sallau. Saura ɗan ƙaramin abu. Malama, zan raɗa miki magana, ki rubuta yanzu, ya karanta mana sabuwa fil."

Murmushin Sallau ya daskare.

Malama Hansai ta ɗauko allon rubutunsu, wani ɗan ƙarfe mai ramuka da ake maƙala takarda a ciki, da tsinken da ake huda ta. Alhaji ya sunkuya ya yi raɗa. Sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar kaza na tsattsagar tire. Kowace ƙwas a ƙirjin Sallau take sauka. Ta zare takarda, aka ajiye masa a gaba.

Zufa ta keto masa. Amma Na-Iya ne, bai saba faɗuwa da wuri ba.

"Alhaji, akwai magana. Idanu sun yi yawa a kan yatsun nan. Tun ɗazu nake jin suna tsami, kambun baka ne. Shehinmu ya ce in haka ta faru, a yi karatu a rufe."

Kafin wani ya ce uffan, ya tattaro babbar riga ta baya, ya yafa ta bisa kansa, ya lulluɓe teburin gaba ɗaya. Takarda a ciki, kansa a ciki. Abin da ya manta, makirfo ma a ciki.

Jama'a suka yi tsit suna kallon tulin shadda yana motsi. A ciki Sallau ya zaro waya, ya ɗora yatsa ta buɗe. Dama ya bar shafin a buɗe saboda ko-ta-kwana. Ya taɓa.

Sai lasifika biyu suka ɗauka, da wata muryar mace mai sanyi, tana Hausa irin ta Baturiyar da ta koya a littafi:

"Shafin fassara rubutun makafi daga hoto."

Tulin shadda ya daina motsi.

Ɗantani ya waiga. "Wace ce wannan?"

Sallau ya sake dannawa da sauri don ya rufe mata baki.

"Ɗauki hoto. Taɓa sau biyu."

Ya danna wani wurin.

"Kunna tocila. Taɓa sau biyu."

Daga layin gaba wani ɗan ƙungiya, wanda ya san muryar nan kamar ta matarsa, ya ɗaga murya da zuciya ɗaya, "Sau biyu ake taɓawa, Malam Sallau!"

Wata ta ce, "Da sauri-sauri, ƙwas-ƙwas!"

Wani ya ce, "In ja za ka yi, da yatsa biyu!"

Dariya ta fara tsiyaya daga baya. Sallau ya rikice, ya shiga dukan fuskar waya ta ko'ina. Ita kuwa baiwar Allah ba ta fushi, ba ta gaggawa, duk inda ya taɓa sai ta sanar wa unguwa. Yatsansa ya faɗa wurin bincike.

"Abubuwan da ka nema a baya. Yadda ake ɗaura bel a jirgin sama."

"La ilaha!" in ji mai shayi.

"Shin akwai banɗaki a cikin jirgin sama."

Ɗantani ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Maganin amai ga wanda bai taɓa hawa jirgi ba."

Wurin ya fashe. Mata na riƙe da juna, maza na buga ƙafa, masu wucewa a titi suka tsayar da babura. Surukin da ke cewa namu ne ya ja hula ya rufe fuska. Sallau ya danne maɓallin kashewa, ta ce, "Kashe waya. Taɓa sau biyu." Ya cusa ta ƙarƙashinsa ya zauna a kai. Sai ga murya can ƙasa-ƙasa tana fitowa daga kujera, "An juya fuskar waya."

Ya yaye riga ya miƙe zumbur, hula a karkace, ido jajir.

"Aljana ce! Jama'a, ku yi ta'awwuzi! Tun daga Sudan take bi na!"

Malama Hansai ta miƙa hannu cikin natsuwa. "Kawo ta nan, Malam Sallau. Irin aljanun nan mu ne masu rukiyyarsu."

Ba yadda ya iya, ya miƙa. Ta shafa sau ɗaya, waya ta yi shiru kamar an ba jariri nono.

Alhaji Maiwada yana share hawaye da bakin rawani. "To, Malam Sallau, an kama aljana. Ga takarda, ga yatsu. Bismillah."

Ka san borin kunya. Maimakon ya nemi hanyar gida, sai ya koma ya zauna. Ya ɗora yatsa a takarda, ya lumshe ido, ya yi lissafin abin da mai kuɗi zai so a rubuta.

"An ce... muna godiya ga Alhaji Maiwada... uban marayu... bangon talakawa... wanda kyautarsa ta..."

"Dakata," in ji Alhaji. "Ni na faɗi maganar, kuma ban yabi kaina ba."

Malam Ɗayyabu ya laluba ya taɓa takardar a ƙarƙashin hannun Sallau. Ya ce a hankali, "Bayanta ma kake shafawa."

Malama Hansai ta ce, "Alhaji, riƙe wayar nan saitin takarda, ka juya ta wajen rana. Bari mu ji ta bakin aljana." Alhaji ya riƙe, ta taɓa sau biyu. Ƙyas! Ba wanda ya yi tari. Aka kara waya a makirfo, ta karanto tsaf:

"Masara ta hau, dawa ta sauka, Allah ya kawo kasuwa."

"Wallahi haka na ce!" in ji Alhaji. "Ko wasali ba ta ci ba!"

Aka sake kwashewa. Amma da aka lura Malam Ɗayyabu bai yi dariya ba, sai sautin ya fara raguwa har wurin ya yi shiru. Dattijon yana zaune, hannu biyu a kan sanda, kansa a sunkuye. Kowa ya san abin ya yi masa ciwo, don shi da gaske ya yi murna, kuma shi ya tsaya wa mutumin nan a gaban matarsa da jama'arsa. Ni kaina a lokacin na ji haushin Sallau fiye da yadda na ji dariya.

Sallau ya durƙusa a gabansa, murya ta koma ta ɗan akuya.

"Malam, a yi haƙuri. Sharrin shaiɗan ne. Amma kujerar nan... na riga na yi sallama da mutane. Ko jaka ce zan riƙe maka. Na iya riƙon jaka."

Malam ya ɗago kai. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Alhaji, maimaita mini sharaɗinka."

"Mai ido, wanda ya iya rubutunku."

"To ai an samu. Ga ta nan a hannunka. Tana da ido, ta iya karatu, kuma duk abin da ta gani shi take faɗa. Ita ce 'yar rakiya."

Alhaji ya buga cinya. "Kuma a aljihu za ta zauna! To kujerar fa, Malam?"

"A rubuta Hansai, tunda ita ke jin yarenta."

Guɗa ta tashi, ayyururui! Malama Hansai ta karɓi wayar ta zura a jaka, ta ja zif.

Sallau ya miƙe sumui-sumui, ya tattare babbar riga, ya fara bin gefen katanga yana neman ƙofa. Saura taku kaɗan ya fice, sai ya ji Malam ya kira shi ta lasifika.

"Malam Sallau!"

Ya juyo da sauri, yana tunanin ko an tausaya ne.

"Na'am, Malam! Ga ni, Malam!"

"Kafin ranar tafiya, ka daure ka kawo mana cajarta."